'Yan Fashin Dajin Ostareliya

Darasinmu na yau labarin wata ƙasa ne mai nisa, sunanta Ostareliya, da waɗansu mutane da suka yi zamani a cikinta suna tare hanya. Turawan can suna kiran irin wannan mutum bushranger, watau mai yawo cikin daji. Mu kuwa sai mu ce 'yan fashin daji. Sun yi shekara wajen 90 suna damun ƙasar, daga 1789 har 1880. Ku karanta a hankali, kashi-kashi. Abu uku za mu nema mu gane: abin da ya kai su daji, da waɗanda suka sha wuyarsu, da yadda suka ƙare.

1. Ƙasar da mutanenta

Ostareliya tsibiri ce babba ƙwarai, tana kudu maso gabas da ƙasashen Asiya. Teku ya kewaye ta ko'ina. Tsakiyarta hamada ce, saboda haka mutane sun fi zama kusa da bakin teku. Tana da masu ita tun asali, baƙaƙen mutane, waɗanda kakanninsu suka zauna can fiye da shekara 50,000. Sun san dajin nan kamar yunwar cikinsu.

To, me ya kai Turawa can? A zamanin nan gidajen kurkuku na Ingila sun cika maƙil. Talauci ya yi yawa cikin birane, shari'a kuwa da tsanani. In mutum ya saci riga, ko agogo, ko tunkiya, sai a yanke masa shekara 7, ko 14, ko iyakar ransa, a fitar da shi daga ƙasa. Da can Amurka ake kai su. Da Amurka ta ƙwaci kanta daga hannun Ingila, sai wannan hanya ta toshe. Sai aka ce a riƙa kai su Ostareliya.

Jiragen ruwa 11 suka tashi daga Ingila cikin watan Mayu 1787. Suka yi wata 8 bisa ruwa, suka sauka cikin Janairu 1788, inda birnin Sidni yake yanzu. Cikinsu akwai fursunoni fiye da 700, maza da mata. Daga nan har 1868 an kai fursunoni wajen 162,000. Masu ƙasar kuwa ba wanda ya shawarce su. Aka ƙwace musu ƙasa, cuta da bindiga suka halaka da yawa daga cikinsu.

2. Yunwa da bulala

Shekarun farko sun yi wuya. Shuka ta ƙi, jiragen abinci sun yi jinkiri, sai aka riƙa auna wa kowa ɗan abinci kaɗan. Fursunoni su ke saran itace, su fasa dutse, su yi hanya. Waɗansu kuma aka raba su ga masu gonaki, suna yi musu aiki. In ubangidanka mai kirki ne, ka gode Allah. In mugu ne, sai ya kai ƙararka bisa ɗan laifi kaɗan, a yi maka bulala 25, ko 50, ko 100. Masu taurin kai akan sa musu mari a ƙafa.

Kurkukun nan ba ya bukatar ganuwa, daji shi ne ganuwarsa. Wanda ya gudu bai san ruwa ba, bai san abin da ake ci ba. Da yawa sun mutu da yunwa, waɗansu sun komo da ƙafarsu sun karɓi bulala. Wanda ya ƙi komowa kuwa, ba shi da hanyar ci sai ya faɗa wa gonakin mutane.

Wanda ake cewa shi ne na farkonsu, sunansa John Caesar. Baƙar fata ne, asalinsa Afirka, yana barantaka a Ingila aka kama shi da sata, aka yanke masa shekara 7. Yana cikin jiragen farko. Ƙato ne, mai ƙarfin aiki, abincin da ake auna masa ba ya isarsa. Cikin 1789 ya ɗauki bindiga ya shiga daji. Aka kama shi, ya sake gudu, aka kama shi, ya sake gudu. Daga baya waɗansu suka taru a bayansa. Gwamna ya yi alkawarin galan 5 na barasa ga wanda ya kama shi, domin a lokacin kuɗi sun yi ƙaranci, barasa ake ciniki da ita. Cikin Fabrairu 1796 wani mutum ya harbe shi.

A kudancin ƙasar akwai wani tsibiri, yanzu sunansa Tasmaniya. Can ake kai waɗanda suka sake yin laifi, can ne kuma horo ya fi tsanani. Wani saurayi, Matthew Brady, ya tsere daga can cikin kurkuku a 1824 tare da abokansa. Ya yi suna da cewa ba ya wulakanta mata. Da Gwamna ya sa kuɗi bisa kansa, sai shi ma ya manna takarda, wai zai ba da galan 20 na barasa ga wanda ya kawo masa Gwamna. Jama'a suka yi ta dariya. Amma Gwamna ya yi wa fursunoni alkawarin 'yanci in sun tona asirinsa, aka kuwa tona. An rataye shi cikin Mayu 1826.

3. Zamanin zinariya

Cikin 1851 aka sami zinariya kusa da garin Bathurst, bayan 'yan watanni kuma aka same ta a jihar Biktoriya. Labari ya gama duniya. Mutane suka yi ta kwararowa daga Ingila, da Amurka, da Sin. Cikin shekara 10 yawan baƙin da ke ƙasar ya tashi daga 400,000 da 'yan kai, ya wuce 1,000,000. Har waɗansu 'yan sanda suka ajiye aiki suka tafi haƙa.

Zinariyar nan dole a ɗauke ta daga ramuka zuwa birni, tafiyar kwanaki cikin daji, a keken doki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sai aka sami sabon irin 'yan fashi. Waɗannan yawancinsu ba gudaddun fursunoni ba ne. Samari ne haifaffun ƙasar, sun tashi bisa doki, sun san kowane kwazazzabo. Sukan saci dawakin sukuwa na masu arziki, su bar 'yan sanda a baya da dawakinsu marasa gudu.

Ran 15 ga Yuni 1862, Frank Gardiner da mutanensa suka yi fashi mafi girma na zamanin, a wani wuri mai duwatsu kusa da Eugowra. Suka tsare masu amalanken shanu, suka sa su gicciye amalanken bisa hanya. Su kuwa suka ɓuya bayan dutse. Da keken zinariya ya iso ya rage gudu, sai suka buɗe masa wuta. Dawaki suka firgita, keke ya kife, 'yan sandan rakiya suka gudu cikin daji, biyu da rauni. Aka kwashe zinariya kilo 77 da takardun kuɗi, duka sun kai fam 14,000. Amma 'yan sanda, tare da masu bin sawu daga cikin masu ƙasar na asali, suka bi su har maɓoyarsu, suka ƙwato da yawa daga cikin zinariyar. An rataye mutum ɗaya. Gardiner kansa an kama shi a 1864, ya yi shekara 10 a kurkuku, sa'an nan aka kore shi daga ƙasar, ya ƙarasa Amurka.

4. Ben Hall

Cikin waɗanda suka tare keken nan akwai wani makiyayi, Ben Hall. An haife shi a 1837, iyayensa duka tsofaffin fursunoni ne. Yana da fili, da shanu, da mata, da ɗa guda. Cikin 1862 matarsa ta ɗauki ɗan ta bi wani mutum. A wannan shekara 'yan sanda suka kama shi sau biyu, aka sake shi don rashin shaida. Kuɗin shari'a ya cinye dukiyarsa, ya rabu da filinsa. Cikin 1863 'yan sanda suka ƙone masa ɗaki. Daga nan ya shiga daji, bai sake komowa ba.

Shi da abokansa sun yi fashi fiye da 100 cikin shekara biyu. Cikin Oktoba 1863 suka kame wani ƙaramin gari, Canowindra. Suka tara mutanen garin da matafiya a masauki ɗaya har kwana uku, suna ciyar da su, ana kiɗa ana rawa. Nufinsu su kunyata 'yan sanda, sun kuwa kunyata su.

Me ya sa aka daɗe ba a kama su ba? Domin talakawan ƙauye suna ɓoye su. Wani ya ba su abinci, wani ya ba su doki, yaro ya sheƙa a guje ya gaya musu inda 'yan sanda suka nufa. Waɗansu don zumunta suke yi, waɗansu don kuɗi, waɗansu don tsoro, waɗansu kuwa don haushin hukuma.

Ba a san Ben Hall ya kashe kowa da hannunsa ba. Amma wanda ya riƙa nuna wa mutane bindiga, wata rana sai ta tashi. Cikin Nuwamba 1864 abokinsa Gilbert ya harbe wani sajan na 'yan sanda. Cikin Janairu 1865 abokinsa Dunn ya harbe wani ɗan sandan ƙauye, uban 'ya'ya 8. Sai zuciyar jama'a ta fara juyawa. Hukuma ta yi doka mai tsanani: wanda aka yi shelar ya fita daga kariyar shari'a, kowa na iya harbinsa, wanda ya ɓoye shi kuma zai iya shan ɗaurin shekara 15. Aka sa fam 1,000 bisa kan kowannensu. Wani wanda Ben Hall ya amince da shi ya nuna wa 'yan sanda inda yake kwana. Da asuba, ran 5 ga Mayu 1865, suka harbe shi, saura kwana 4 ya cika shekara 28. Bayan kwana 8 aka harbe Gilbert. Dunn kuwa an rataye shi a 1866, yana da shekara 19. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

5. Ned Kelly

Wanda ya fi su suna duka shi ne na ƙarshensu, Ned Kelly. Ubansa mutumin Ailan ne, an kai shi Tasmaniya don ya saci aladu biyu. An haifi Ned wajen ƙarshen 1854 a jihar Biktoriya. Yana yaro ya faɗa cikin rafi ya ceci wani yaro da ruwa zai ci, iyayen yaron suka ba shi koriyar ɗamara tukuici. Ubansa ya mutu a 1866, ya bar uwarsa da 'ya'ya da yawa.

A yankinsu akwai rigimar ƙasa. Manyan masu kiwon tumaki da shanu sun riga sun kame wurare masu dausayi da ruwa. Da hukuma ta ba talakawa izinin yankar gona su biya a hankali, sai suka sami wurare marasa kyau. In dabbar talaka ta shiga filin mai arziki, sai a kulle ta, sai ya biya tara. Talakawa suna ganin 'yan sanda na masu arziki ne. Dangin Kelly kuma, gaskiya, suna satar dawaki da shanu. Ned yana da shekara 16 aka ɗaure shi shekara 3 don an same shi da dokin sata. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Cikin Afrilu 1878 wani ɗan sanda, Fitzpatrick, ya je gidansu shi kaɗai don ya kama Dan, ƙanen Ned. Aka yi rikici. Ya koma ya ce Ned ya harbe shi a hannu, uwar kuma ta buga masa shebur. Mutanen gidan suka ce ƙarya ne, a buge ya zo. Alƙali ya ɗaure uwar shekara 3, ga ta da goyo. Ned da Dan suka shiga daji, abokansu biyu, Joe Byrne da Steve Hart, suka bi su.

Cikin Oktoba 1878 'yan sanda huɗu suka shiga dajin nemansu. Su Ned suka riga su gani, suka faɗa musu a zango, suka kashe uku. Ɗaya daga cikinsu, Sajan Kennedy, ya bar mata da 'ya'ya 5. Daga ran nan ba sauran komowa.

Suka fasa banki a Euroa cikin Disamba 1878. Cikin Fabrairu 1879 suka shiga garin Jerilderie, suka kulle 'yan sandan garin biyu a ɗakin tsaro, suka sa kayansu, suka kwashe fiye da fam 2,000 a banki. Ned ya ƙone waɗansu takardun bashi da ya tarar. Ya kuma kawo wata doguwar wasiƙa mai shafi 56, shi ya faɗa, Joe Byrne ya rubuta. A ciki ya lissafa zaluncin da ya ce an yi wa danginsa da talakawa, ya kare kansa bisa kisan da ya yi, ya kuma yi barazana ga masu taimakon 'yan sanda. Ya so a buga ta kowa ya karanta. Hukuma ta hana, ba a buga ta duka ba sai bayan mutuwarsa da shekaru masu yawa.

Aka sa fam 8,000 bisa kansu su huɗu. 'Yan sanda suka kama mutum fiye da 20 da suke zato abokansu ne, suka tsare waɗansu har wata uku ba shari'a, ga shi lokacin girbi ne. Wannan ya ƙara wa talakawa haushi, suka daɗa rufa wa su Ned asiri.

6. Daren Glenrowan

Su Ned suka sami bakin garmar shanu, aka ƙera musu sulke da kwalkwali. Na Ned ya kai kilo 44, kusan nauyin buhun siminti. Harsashi ba ya huda shi. Amma bai rufe ƙafafu ba.

Cikin Yuni 1880 suka kashe wani tsohon abokinsu da suke zargi da kai rahoto. Sun san za a aiko 'yan sanda cikin jirgin ƙasa. Sai suka tafi wani ƙauye, Glenrowan, suka sa aka cire ƙarafan hanyar jirgi a wata kwana, don jirgin ya faɗa rami da duk wanda ke ciki. Suka tara mutanen ƙauyen wajen 60 a masauki, suna jira.

Cikin waɗanda aka tsare akwai malamin makarantar ƙauyen, Thomas Curnow. Ya lallashi Ned har ya bar shi ya kai iyalinsa gida. Da ya ji jirgi tafe cikin dare, sai ya ɗauki kyandir da jan ƙyalle, ya tsaya a hanyar jirgi, ya riƙe ƙyallen gaban wutar. Direba ya ga jan haske ya tsaya. Da haka rayuka da yawa suka tsira.

'Yan sanda suka kewaye masaukin, suka yi ta harbi, ga mata da yara a kwance a ƙasa a ciki. Harsashinsu ya kashe ɗan mai masaukin, yaro mai shekara 13, da wani dattijo ma'aikacin hanyar jirgi. Joe Byrne ya mutu a ciki. Da gari ya waye, ran 28 ga Yuni, sai ga Ned ya ɓullo daga bayan 'yan sanda cikin hazo, sanye da ƙarfe, harsashi na ta tsalle daga jikinsa. Wani sajan ya lura da ƙafafunsa, ya harbe su, ya faɗi. Da aka tuɓe sulken, sai ga koriyar ɗamarar nan a ƙugunsa. Da rana aka sa wa masaukin wuta, aka tarar da gawar Dan da ta Steve Hart.

Aka yi wa Ned shari'a a birnin Malbon, gaban alƙalin da ya ɗaure uwarsa. Mutum fiye da 30,000 suka sa hannu a takardar roƙo kada a kashe shi. Ba a karɓa ba. An rataye shi ran 11 ga Nuwamba 1880, yana da shekara 25. Uwarsa tana tsare cikin wannan kurkukun a ran nan.

7. Abin da ya biyo baya

Bayan Ned Kelly fashin daji ya mutu. Wayar tangarahu ta fi doki sauri, jirgin ƙasa yana kawo 'yan sanda cikin dare ɗaya, gonaki kuma sun cinye dajin ɓuya.

Cikin 1881 hukuma ta naɗa kwamitin bincike bisa aikin 'yan sandan Biktoriya. Aka saurari shaidu, aka rubuta abin da kowa ya faɗa. Aka sami laifi ga da yawa daga cikinsu, har manya. Aka sallami waɗansu, aka rage wa waɗansu girma. Fitzpatrick kuwa tun kafin haka an kore shi daga aiki. Watau kukan talakawan nan yana da tushe. Amma gyaran ya zo ne bayan an binne 'yan sanda uku, da yaro, da dattijo, da samarin nan huɗu.

Har yanzu mutanen Ostareliya ba su daina gardama bisa Ned Kelly ba. Waɗansu sun ce jarumi ne da ya tsaya wa talakawa. Waɗansu sun ce mai kisan kai ne, a tambayi marayun Sajan Kennedy. An yi sinima bisa labarinsa tun 1906. Sulkensa da wasiƙarsa suna babban ɗakin karatu na jihar Biktoriya, a Malbon. Cikin 2011 masana suka gane ƙasusuwansa, aka ba danginsa, suka binne shi a 2013 kusa da uwarsa.

To, jama'a, kun ji labari. Inda hukuma ta yi zalunci, talaka yakan ɓoye ɓarawo, ko da ya san ɓarawo ne. Wanda ya shiga daji da bindiga don a ji kukansa kuwa, kun ga yadda suka ƙare: kusan dukansu ko harsashi ko igiya, yawancinsu ba su kai shekara 30 ba. Kun kuma ga waɗanda suka mutu tsakani, ba su ci ba, ba su sha ba.

Sababbin kalmomi

Ku rubuta kowace kalma sau uku: tsibiri, fursuna, zinariya, amalanke, sulke, kwalkwali, wasiƙa, bincike.

Tambayoyi

1. Me ya sa Ingila ta riƙa kai fursunoni Ostareliya? A wace shekara aka fara, a wace aka daina?
2. Me ya kai John Caesar daji?
3. Mene ne bambancin 'yan fashin farko da na zamanin zinariya?
4. Ku faɗi dalili huɗu da suka sa mutanen ƙauye ke ɓoye su Ben Hall.
5. Da me aka ƙera sulken Ned Kelly? Ina ne bai rufe ba?
6. Yaya malamin makaranta ya tsai da jirgi?
7. An haifi Ben Hall a 1837, ya mutu a 1865 kafin ranar haihuwarsa ta zagayo. Shekararsa nawa?
8. Ku tattauna a aji: da an saurari kukan talakawa tun 1878, me kuke gani zai faru? Sa'an nan kowa ya rubuta layi uku bisa ra'ayinsa.